'Yan Nazi: Sunan da Masu Shi Ba Su Raɗa wa Kansu Ba

Duk mai kasa kunne ga sashen Hausa na rediyon Jamus ko na BBC ya san lokutan da kalmar nan take fitowa. Tana fitowa ranar 27 ga Janairu, idan ana tunawa da 'yantar da sansanin Auschwitz. Tana fitowa ranar 8 ga Mayu, ranar da yaƙi ya ƙare a Turai a 1945. Sai kuma duk sa'ad da wata jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta kwashi ƙuri'u a wata jihar Jamus. Mai karanta labarai ya ce "mulkin 'yan Nazi", ya wuce abinsa. A fadar samari a Gidan Sori, ko a teburin mai shayi a tashar Gidan Rumji, ba wanda zai dakatar da hira don ya tambaya, kowa ya san mutanen Hitila ake nufi. Amma ka matsa ka ce to shi Nazi ɗin mene ne, ƙabila ce, gari ne, ko sunan wani kakansu, sai ka ga an fara kallon juna.

Ba ƙabila ba ce, ba kuma gari ba ne. Laƙabi ne na tsokana, abokan gaba suka liƙa musu shi, su kuwa har suka faɗi ba su taɓa mai da shi sunan jam'iyyarsu a hukumance ba.

Sunan yankan jam'iyyar shi ne Nationalsozialistische Deutsche Arbeiterpartei, a taƙaice NSDAP. In an warware shi da Hausa sai a ce Jam'iyyar Ma'aikatan Jamus ta 'Yan Kishin Ƙasa Masu Ra'ayin Gurguzu. Ba Hitila ya kafa ta ba. Wani maƙeri mai aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Munich, Anton Drexler, shi da wani ɗan jarida, Karl Harrer, suka kafa ta a Janairun 1919, wata biyu bayan Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunanta a lokacin Jam'iyyar Ma'aikatan Jamus kawai. Hitila ƙaramin soja ne, manyansa suka aike shi a Satumbar shekarar ya leƙo abin da ake tattaunawa a taronsu. Ya je, ya zauna, ya tsoma baki a gardama, daga nan ɗan aike ya zama ɗan gida. Katinsa na jam'iyya lamba 555 ne, amma daga 501 suka fara ƙirga, don a ɗauka suna da jama'a.

Ranar 24 ga Fabrairun 1920, a babban zauren gidan giya na Hofbräuhaus, gaban mutum kusan dubu biyu, Hitila ya karanta manufofin jam'iyyar guda 25. A lokacin ne aka ƙara wa sunan "kishin ƙasa" da "gurguzu". Ko su ɗin ma na aro ne, don Jamusawan Ostiriya da Bohemiya suna da jam'iyya mai kusan wannan suna tun 1918. Kowace kalma a cikin sunan akwai wanda aka ɗana wa ita. "Kishin ƙasa" na tsofaffin sojoji ne da duk wanda yarjejeniyar Versailles ta 1919 take ci wa rai. "Gurguzu" da "ma'aikata" na leburorin masana'antu ne, waɗanda suka saba zaɓar jam'iyyun 'yan ƙwadago, shi ya sa ma aka zaɓi jan ƙyalle aka yi tuta da shi. "Jamus" kuwa ƙofa ce aka rufe, domin manufa ta huɗu ta faɗa ƙarara cewa sai mai jinin Jamus ne ɗan ƙasa, Bayahude ba ya ciki.

Har yau akwai masu kafa hujja da sunan, su ce ai 'yan gurguzu ne tun da ga shi a rubuce. Sai a duba abin da suka yi da suka samu mulki. A Maris ɗin 1933 suka buɗe sansanin Dachau, kuma 'yan kwaminis da 'yan jam'iyyar gurguzu ta SPD ne suka fara cika shi. Ranar 2 ga Mayu suka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago suka rushe su. A ƙarshen Yuni da farkon Yulin 1934 Hitila ya sa aka kashe Gregor Strasser da Ernst Röhm, nasa na jiki waɗanda suka ɗauki zancen juyin juya hali da gaske. Bahaushe ya ce suna linzami, amma wannan linzamin a bakin masu ƙuri'a aka sa shi.

To daga ina Nazi ya fito? Rabin amsar a cikin lafazin Jamusanci take. Kalmar da ake rubutawa national, Bajamushe "natsiyonal" yake cewa, kuma a rubutunsu harafin z shi ne ke ɗauke da sautin "ts". Ka yanke gaɓa biyun farko, ka samu "Natsi", ka rubuta da ƙa'idarsu, ya zama Nazi. Ba kuma sabon salo ba ne. Tun kafin a haifi jam'iyyar Hitila, 'yan adawa suna kiran 'yan jam'iyyar gurguzu ta SPD "Sozi", gutsure daga sunansu, cikin raini. Da sabuwar jam'iyya ta fito, ma'auni yana nan a ajiye, sai aka ɗora ta a kai: ga Sozi, ga Nazi.

Ɗaya rabin shi ne mai daɗin ji, kuma shi ne ba ya tsallake iyakar Jamus. Munich babban birnin jihar Bavariya ne, wadda su suke kira Bayern, sunan da duk mai kallon ƙwallo ya sani. A wancan zamani mutanen Bavariya da na Ostiriya galibinsu 'yan Katolika ne, kuma cikin sunayen da suka fi raɗa wa 'ya'yansu maza akwai Ignaz, daga Ignatius, waliyyin cocinsu wanda ya kafa ƙungiyar limaman Jesuit a 1540. Yadda mu muke mai da Sulaimanu Sule, Abdullahi Audu, Hadizatu Dije, haka su suke mai da Ignaz "Nazi". Sunan ya yi yawa a ƙauyuka tsakanin manoma, har ya tashi daga sunan mutum ya koma sunan hali. A da in mutumin birni ya ce wane Nazi ne, to bagidaje yake nufi, baƙauye mai nauyin kai wanda ke shiga gari baki buɗe. Marubucin Bavariya Ludwig Thoma yana da wasan barkwanci na 1905 mai suna Der Schusternazi, wato Nazi mai ɗinkin takalma, lokacin Hitila yana ɗan shekara goma sha shida, ba wanda ya san da zamansa.

Don mu ji yadda abin ya sauka a kunnen Bajamushe, mu ɗauki sunan Ibro. Asalinsa Ibrahim ne, suna mai daraja, kuma akwai dattawa da yawa a ƙasar Maradi da ake kira Ibro ba tare da kowa ya yi murmushi ba. Amma tun da marigayi Rabilu Musa, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki sunan ya shiga fim da shi, in aka ce "kai Ibro ne" an san abin da ake nufi. Yanzu a ce wasu mutane masu ɗaure fuska, masu fareti da kaki da tuta, masu cewa su ne zaɓaɓɓun jinsin duniya, sun kafa jam'iyya, sai aka gutsure sunanta ya faɗo daidai kan "Ibro". Ai ɗan adawa ya huta da neman zagi. Ga shi kuma jam'iyyar a Bavariya aka haife ta, shugabanta ɗan Ostiriya ne daga garin Braunau, wanda bai ma samu takardar zama ɗan Jamus ba sai a Fabrairun 1932. Ga ɗan Berlin mai ji da wayewa, babu sunan da ya fi wannan dacewa da su.

Su kam sun ji zafin abin. A tsakaninsu "Nationalsozialist" suke cewa cikakke, ko su kira juna Parteigenosse, wato abokin jam'iyya. Joseph Goebbels, wanda ya zama ministan farfaganda daga baya, ya gwada dabarar nan ta karɓe zagi a mai da shi kirari. A ƙarshen shekarun 1920 ya fitar da wata 'yar ƙasida ta tambaya da amsa mai suna Der Nazi-Sozi. Abin bai kama ba sosai, bayan sun hau mulki kuwa sai kalmar ta ɓace daga bakin hukuma. Waɗanda suka fitar da ita duniya su ne waɗanda suka tsere: 'yan jarida, marubuta, 'yan siyasa da Yahudawan da suka watsu zuwa Faransa, Ingila da Amurka daga 1933. Ana yawan ambaton Konrad Heiden a nan, ɗan jaridar da ya bi diddigin jam'iyyar tun tana taro a gidajen giyar Munich, ya rubuta tarihinta a 1932, ya gudu da ta ci. Jaridun waje suka karɓe ta hannu biyu, tun da haruffa huɗu sun fi sauƙin shiga kanun labari a kan wancan dogon suna. Sai dai Ignaz bagidaje bai bi ta ba. A bakin Bature ɗan Ingila ko Bafaranshe, Nazi ba ta da wata ma'ana sai mutanen Hitila.

A ganina rainin da ke cikin sunan ya cuci masu yin sa fiye da waɗanda aka yi wa. A zaɓen 1928 jam'iyyar kashi 2.6 cikin ɗari ta samu, kujeru 12, kowa yana dariya. A 1930, bayan tattalin arzikin duniya ya karye, ta koma kujeru 107. A Yulin 1932 ta samu kashi 37, kujeru 230, ta zama babbar jam'iyya a majalisa. Duk da haka manyan ƙasar ba su daina kallon Hitila a matsayin baƙauyen da za a yi amfani da shi a yar ba. Shugaban ƙasa Hindenburg, tsohon babban hafsan soja, "kofur ɗin Bohemiya" yake kiransa. Ɗan siyasa Franz von Papen da abokansa suka lallashi tsohon ya naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, da tunanin cewa su ne za su riƙe akalar. Kafin watan Yuli ya ƙare, babu sauran jam'iyyar da doka ta yarda da ita a Jamus sai tasa.

Mu ma ba baƙin wannan al'ada ba ne. Jam'iyya in ta raɗa wa kanta suna, fata take yi: Sawaba ta Djibo Bakary, sannan a zamanin taron ƙasa na 1991 ga Nassara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, daga baya Lumana. Amma sunan da ya fi zama a baki sau da yawa na waje ne ke bayarwa. Muhammadu Marwa bai ce a kira shi Maitatsine ba, Kanawa ne suka tsinto sunan daga yawan tsinuwar da yake yi a wa'azi, kuma da shi tarihi ya riƙe tarzomar Disambar 1980. Mutanen Muhammad Yusuf suna da dogon sunansu na Larabci, sun kuma sha cewa ba su yarda da "Boko Haram" ba, amma shi duniya ta sani.

Akwai kalma ta biyu da ake gwama ta da Nazi, wato fasist, har wasu su ɗauka abu ɗaya ne. Ita daga Italiya take, kuma ita masu ita ne suka zaɓa da kansu, da alfahari. Fascio a Italiyanci dami ne, daga nan ya zama ƙungiya. Tushensa fasces na Latin, damin sanduna da aka ɗaure da gatari a tsakiya, wanda dogaran Rumawan dā suke ɗauka a gaban mai mulki don a san yana da ikon bulala da ikon kisa. Benito Mussolini ya kafa ƙungiyarsa a Milan ranar 23 ga Maris 1919, ya karɓi mulki a Oktoban 1922, shekara goma kafin Hitila. Hitila ya kwaikwayi abubuwa da yawa a wurinsa, har da gaisuwar miƙa hannu sama. Bambancin da masana suka fi nunawa shi ne Mussolini gwamnati ya ɗaukaka a kan komai, Hitila kuwa jini da launin fata. Wannan bambanci bai hana Italiya rataye Umar Mukhtar a Libiya a Satumbar 1931 ba, bai kuma hana ta zuba iskar guba a kan Habasha bayan mamayar 1935 ba. Sojojin Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, suna cikin waɗanda suka kori Italiya daga Somaliya da Habasha a 1941.

Wadda ta fi kowa nacewa a kan kiran 'yan Nazi "fasist ɗin Jamus" ita ce Tarayyar Sobiyet. Dalilin a fili yake: ƙasar da ke kiran kanta ta gurguzu ba za ta so ta riƙa maimaita sunan maƙiyi mai "gurguzu" a ciki ba. Don haka a littattafansu da jawabansu "'yan mamayar fasist na Jamus" ake cewa. Jamus ta Gabas ta gaji wannan harshe, har katangar Berlin da ta gina a 1961 ta sa mata suna katangar kariya daga fasist, alhali mutanenta ta gina wa don kada su fice.

Kafin a wuce, akwai wasu zantuka da ke yawo a wayoyi da ya kamata a kawar. Wai Nazi daga Ashkenazi aka samo shi, sunan Yahudawan Turai, wai hakan ya nuna su ne suka ƙirƙiri abin da kansu. Ƙarya ce tsagwaronta. Ashkenaz suna ne da ke cikin Attaura, Yahudawan tsakiyar zamani suka sa wa ƙasar Jamus shi, "i" ɗin ƙarshe kuwa ta nasaba ce, irin wadda ke cikin Barnawi ko Kanawi a Larabci. Kamar sauti ce kawai. Haka Naziru da Nazifi namu, da abokai kan gutsure su ce Nazi, daga Larabci suke, ba su haɗa komai da Munich ba. A Burkina Faso ma jami'ar Bobo-Dioulasso sunanta Jami'ar Nazi Boni, don tunawa da wani marubuci ɗan siyasa ɗan ƙabilar Bwa wanda ya rasu a 1969. Baƙo daga Turai kan yi turus in ya ga allon, amma mutumin an raɗa masa sunansa tun kafin Drexler ya yi tunanin kafa jam'iyya.

A ƙasar Hausa kalmar ta makara. Jamusawa dai mun san su tun da daɗewa. A Janairun 1851 Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa ya nufi Katsina da Kano, abokin tafiyarsa Adolf Overweg kuma ya karkata yamma ya ziyarci Maradi da Gobir. Lokacin babu ma ƙasa ɗaya mai suna Jamus, sai a 1871 aka haɗe ta, kuma gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar tasu. Shi kansa sunan Jamus daga bakin Ingilishi muka tsince shi. Su Deutsch suke kiran kansu, Faransawa suna kiransu da sunan wata tsohuwar ƙabilarsu, Alaman, Rashawa da Polawa kuma da wata kalma mai tushe ɗaya da "bebe", don ba sa jin abin da suke faɗa. Da alama an daɗe ana raɗa wa mutanen nan sunan da ba su roƙa ba.

Da yaƙi ya ƙarato, a Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana edita, kuma cikin ayyukanta har da kashe jita-jitar da ke yawo game da Jamus da bayyana wa jama'a yaƙin ta fuskar Ingila. Amma sunan da ya zauna a bakin talaka na mutum ɗaya ne. Tsofaffi "yaƙin Hitila" suke cewa, waɗanda aka kai gabas kuma aka ce sun je yaƙin Bama. Nazi sai daga baya ta shigo, ta rediyo da aji: BBC ta fara Hausa a 1957, rediyon Jamus a 1963, ɗan lakwal kuma ya gamu da ita a darasin tarihi da Faransanci. Shi ya sa muke furta ta da z kamar Bafaranshe, alhali "Natsi" ta fi kusa da bakin masu ita.

A wannan gefen iyaka, wato Nijar, labarin ya ɗan bambanta da na Kano. Faransa ta faɗi a Yunin 1940, Marshal Pétain ya kafa gwamnati a Vichy mai haɗa kai da Jamus, babban gwamna Pierre Boisson a Dakar ya bi shi, Nijar ta bi Dakar. Chadi kuwa, ƙarƙashin Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle tun 26 ga Agustan 1940. Daga nan har zuwa Nuwambar 1942, mutumin Madarunfa da ɗan'uwansa na Jibiya suna ɓangarori biyu na yaƙin duniya ba tare da an shawarce su ba. Talakan Gobir bai ga sojan Jamus a ƙofar gidansa ba. Abin da ya gani shi ne kumandan da masu gadinsa, haraji, kwasar hatsi da dabbobi, ƙarancin tufafi, da aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai a Afrilun 1946. In ka tuna wannan, ba za ka yi mamakin yadda wasu suka riƙa jin sunan Hitila da wani ɗan daɗi a ransu ba, mutumin da ya durƙusar da Faransa cikin mako shida. Har yau akan samu saurayi ya ɗauki sunan a matsayin inkiya, ko a liƙa wa malami mai tsanani, kamar dai jarumtaka ce ko zafin hali kawai.

Wanda ke jin haka ya kamata ya san Chasselay. Ƙauye ne a arewacin Lyon. A ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940 wata rundunar sojojin Afirka ta Yamma ta tare hanyar sojojin Jamus a can. Faransa "tirailleurs sénégalais" take kiransu duka, ko daga Mali aka ɗauko mutum, ko Gine, ko Nijar. Da harsashi ya ƙare suka miƙa wuya. Jamusawa suka ware farare gefe guda, suka kora baƙaƙen cikin wani fili, tankoki biyu suka buɗe musu wuta, sannan suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Kusan mutum hamsin aka kashe a wannan fili kaɗai. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojoji tsakanin 1,500 da 3,000 aka kashe ta irin wannan hanya a watannin Mayu da Yunin shekarar. Ba hatsarin yaƙi ba ne, tarbiyya ce. Tun bayan yaƙin farko, da Faransa ta girke sojojin Afirka a yankin Rhine, ake cusa wa Jamusawa cewa wannan shi ne babban abin kunyar da aka yi musu. Hitila ya maimaita zancen a littafinsa Mein Kampf, kuma a 1937 gwamnatinsa ta tattara ɗaruruwan 'ya'yan da sojojin nan suka haifa da matan Jamus aka yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba. Maƙabartar Chasselay tana nan, an kewaye ta da jan gini irin na Sahel, ana kiranta tata.

Shekara da shekaru ana cewa dakarun SS ne suka yi kisan Chasselay, wato 'yan Nazi na gidi. Sai a 2019 wasu hotuna da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar suka fito, suka nuna tankokin rundunar soja ce ta yau da kullum. Wannan ya kai mu ga aiki na ƙarshe da kalmar ta yi, wanda masu tsokanar farko ba su taɓa hango shi ba. Bayan 1945, da aka haramta jam'iyyar aka shiga tankaɗe da rairaya, kalmar ta zama wurin jibge laifi. Jam'iyyar tana da 'ya'ya sama da miliyan takwas a ƙarshen yaƙi, amma da gari ya waye da wuya ka samu wanda zai ce yana ciki da zuciya ɗaya. 'Yan Nazi ne suka yi, in ji kowa, kamar wasu baƙi ne da suka sauka a 1933 suka tashi a 1945. Jamusawan baya sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen rushe wannan katanga da aka gina tsakanin 'yan Nazi da sauran Jamusawa, a makarantunsu da kotunansu, kuma ya kamata a faɗa. Amma ta ɗauki lokaci.

Daga nan inda muke zaune, katangar ta fi bayyana. Kisan Yahudawa miliyan shida, da jiragen ƙasa da rajista da ɗakunan iskar guba, tare da 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu, abu ne da ba shi da na biyu a tsarinsa, kuma ba na cikin masu cewa duk kisa ɗaya ne. Sai dai tunanin cewa akwai mutanen da ransu ba rai ba ne ya girmi taron Hofbräuhaus. A 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar nan, ya yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ya ƙone Birnin Ƙonni da mutanen cikinsa, ya bar gawarwaki a ƙauyuka har zuwa ƙasar Tasawa. Faransa ba ta girgiza sosai ba sai da Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, Bafaranshe ɗan'uwansa, a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kaburburan Voulet da Chanoine suna Maijirgi. Wannan ita ce hujjar Aimé Césaire a littafinsa na 1950 kan mulkin mallaka, cewa abin da Turai ta kasa yafe wa Hitila shi ne ya yi wa Turawa abin da aka saba yi wa mutanen ƙasashen da aka mallaka.

Jamus ɗin kanta ta yi nata a Afirka kafin a san wata jam'iyya. Daga 1904 zuwa 1908, a ƙasar da yanzu ake kira Namibiya, sojojinta ƙarƙashin Janar Lothar von Trotha suka kora Herero cikin hamada suka tsare rijiyoyi, suka tara sauran da 'yan ƙabilar Nama a sansanoni, dubun dubata suka mutu. Kwamishinan Jamus na farko a ƙasar, Heinrich Göring, shi ne mahaifin Hermann Göring, na biyun Hitila. Eugen Fischer, likitan da ya je can a 1908 yana auna kawunan 'ya'yan gauraye, shi ne daga baya ya shugabanci cibiyar nazarin jinsi a Berlin wadda ta sa hannu a aikin da aka yi wa yaran Rhine. Sai a Mayun 2021 gwamnatin Jamus ta yarda ta kira abin da ya faru a Namibiya kisan ƙare dangi. Ta yi alkawarin Yuro biliyan 1.1 cikin shekara 30, amma ta ce kuɗin na sulhu da raya ƙasa ne, ta ƙi yarda a rubuta "diyya". Shugabannin Herero da Nama da yawa sun ƙi amincewa da yarjejeniyar, suna cewa ba a zauna da su ba.